Fashin Baƙi: Bindiga Mai Ruwan Hoda da Neman Mata Masu Saye a Amurka

A shagunan sayar da makamai na Amurka, kusan duk abin da ke cikin akwatin gilashi baƙi ne ko ruwan toka. Sai a wani lungu ido ya faɗa kan wasu ƙananan bindigogi da suka fita daban: wannan ruwan hoda, waccan shunayya, wata shuɗi mai haske irin na sararin samaniya, wata kuma an yi mata zanen ganye da rassa irin na kayan mafarauta amma da ruwan hoda, zanen da ake sayarwa da sunan Muddy Girl. Sunayen ma kaɗai sun isa su faɗa maka wadda ake nema. Kamfanin Charter Arms yana da Pink Lady da Lavender Lady, Kimber yana da Bel Air. Ba kayan wasa ba ne. Harsashin da ke fita daga bakinsu shi ne dai wanda ke fita daga baƙar da ke kusa da su.

Mai karatu a Kano ko Maradi zai iya cewa wannan ai neman magana ne kawai na Turawa. A Najeriya, tun Dokar Makamai ta 1959, farar hula ba ya riƙe bindiga sai da lasisi, samunsa kuma ba wasa ba ne. A Amurka lissafin daban yake. Gyara na biyu na kundin tsarin mulkinsu, tun 1791, ya ba ɗan ƙasa damar mallakar makami, Kotun Ƙoli ta tabbatar a 2008 cewa haƙƙin na mutum ne shi kaɗai, a 2022 kuma ta ce ya haɗa da fita da ita waje. Fiye da rabin jihohin ƙasar yanzu ba sa neman wata takarda ta musamman kafin mutum ya soke bindiga a ƙugu ya shiga gari. Inda bindiga ta zama haja kamar waya ko agogo, dole a yi mata talla, dole kuma a yi ta neman sabon mai saye.

Nan ne matsalar masu ƙera ta take. Bindiga ba ta lalacewa da wuri. Wadda kaka ya saya, in dai ana shafa mata mai, jika zai gada ta yi masa aiki. Farauta, wadda ita ce ke kai yawancin maza shagon makamai a da, ta yi ta ja da baya yayin da mutane ke komawa birane. A shekarun 1970 kusan rabin gidajen Amurka akwai bindiga. Daga baya abin ya sauko zuwa wajen kashi ɗaya cikin uku. Ɗan kasuwar da ya ga abokan cinikinsa suna tsufa, kowannensu kuma ya riga ya tara uku ko huɗu a gida, ba shi da zaɓi sai ya waiwayi rabin al'ummar da bai taɓa yi wa magana ba.

Kamfanin Smith & Wesson ne ya fara yin hakan da gaske. A 1989 ya farfaɗo da wani tsohon suna da ya taɓa amfani da shi tun 1902, LadySmith, ya ɗora shi kan ƙananan libarba, wato bindigar hannu mai gidan harsashi da ke juyawa, da aka rage wa kaurin mariƙi. Hujjarsa ita ce binciken da ya sa cibiyar jin ra'ayin jama'a ta Gallup ta yi masa, wanda ya ce yawan mata masu bindiga ya ƙaru da fiye da rabi tsakanin 1983 da 1986. Jaridu suka ɗauka, aka yi ta buga labarin budurwa ma'aikaciya a babban birni, mai zaman kanta, da ta gaji da tsoro ta je ta sayi makami. Sai a 1995 wasu masana biyu, Tom Smith da Robert Smith, suka bi alƙaluman babban binciken zamantakewa da ake yi daga Jami'ar Chicago, na 1980 zuwa 1994, suka ce ba su ga wannan ƙaruwar ba. Adadin yana nan inda yake, mace ɗaya cikin takwas ko tara. Wadda ke da bindigar ma galibi matar aure ce a wajen manyan birane, a gidan da ake farauta. Ma'ana, talla ce ta riga kasuwa zuwa. Kuma LadySmith ɗin ba ruwan hoda ba ce, ƙarfe ne da mariƙin katako.

Launi ya zo ne daga baya, kuma abin da ya buɗe masa hanya fasaha ce mai sauƙi. Tun da kamfanin Glock na ƙasar Austriya ya nuna a farkon shekarun 1980 cewa ana iya yin jikin fistol, wato bindigar hannu da ake loda wa harsashi ta cikin mariƙi, da roba mai tauri, sauran kamfanoni suka bi. Roba kuwa kowane launi ka zuba mata tun tana narke za ta ɗauka, ba tare da ƙarin kuɗin kirki ba. Ga kuma fenti na musamman da ake fesa wa ƙarfe, irin su Cerakote da DuraCoat, waɗanda asalinsu don hana tsatsa ne. Daga nan lissafin kamfani ya zama mai daɗi: ba sai an zana sabuwar bindiga ba, ba sai an gwada ta a hannun mata ba. A ɗauko mafi ƙanƙanta a cikin waɗanda ake da su, a canza mata launi, a ba ta suna mai laushi, an samu "ta mata". Dabarar ma ba sabuwa ba ce. A 1955 kamfanin motoci na Dodge ya fito da La Femme, mota mai ruwan hoda da fari da ake haɗawa da jakar hannu da jan-baki, bayan shekara biyu ya daina yin ta saboda ba ta karɓu ba.

Abin mamakin shi ne kasuwar da aka yi ta shelar zuwanta ta zo ɗin a ƙarshe. Cibiyar bincike ta Pew ta samu a 2017 cewa kashi 22 cikin 100 na matan Amurka sun ce suna da bindiga, maza kuma kashi 39. A 2023 na mata ya kai kashi 25. Wani bincike da Matthew Miller da Deborah Azrael da abokin aikinsu suka buga a ƙarshen 2021 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 7.5 ne suka sayi bindigarsu ta farko tsakanin Janairun 2019 da Afrilun 2021, tsakanin da a cikinsa ne annobar korona da zanga-zanga suka ruɗa ƙasar, kuma wajen rabinsu mata ne. Sai dai ba fenti ne ya kawo su ba. A binciken Pew na 2017, kashi 27 cikin 100 na mata masu bindiga sun ce kare kai ne kaɗai dalilinsu, alhali a maza kashi 8 ne suka faɗi haka. Namiji a matsakaici yakan samu ta farko yana ɗan shekara 19, mace sai ta kai 27. Shi ya taso da ita a hannun uba ko kawu. Ita kuwa tana babba ta shigo, sau da yawa bayan wani abu ya tsorata ta, ba ta san komai a kai ba, sai abin da mai shago ko maigida ya faɗa mata.

A nan ne, a ganina, cutarwar take, kuma ba a launin ba ne, a abin da aka shafa wa launin ne. Ɗauki Pink Lady. Libarba ce mai cin harsashi biyar, jikinta na alminiyam, nauyinta wajen giram 340, bututunta bai wuce santimita 5 ba. A hannu ba ta da nauyi, ta dace da jaka, kowa ya gani zai ce ai wannan ta mace ce. Amma idan harsashi ya tashi gaba, ƙarfin da ya tura shi yana tura bindigar baya, kuma nauyin bindigar ne ke shanye wannan shurin. Tsohuwar libarbar ƙarfe irin wadda 'yan sandan Amurka suka daɗe suna ɗauka, mai cin harsashi iri ɗaya, ta kusa kilo guda. Shurinta mai sauƙi ne. Ƙaramar kuwa duk a tafin hannu take saukewa, ta doki tsakanin babban yatsa da manuni, bakinta ya ɗaga sama. Ga kunamarta da tauri, irin waɗannan sai an matsa da ƙarfin da ya kai wajen kilo 5 kafin su tashi. Yatsa ɗaya yana jan abin da ya ninka nauyin bindigar fiye da sau goma, ana kuma so bakin ya tsaya cak a kan saiti. Gwanaye ma sai sun daɗe suna gwaji kafin su iya da ita. Ita ce kuma ake miƙa wa wadda ba ta taɓa harbi ba.

Masu koyar da harbi a can sun saba da wannan labarin har ya ishe su. Maigida ya sayo wa matarsa tsaraba, ta zo filin koyo da ita a kwali, ta sa abin toshe kunne, ta harba biyar. Takardar saiti tana nan fes ba huda ko ɗaya, hannu ya yi ja, tun kafin ta ja kunama ta fara runtse ido. Sai malamin ya ba ta babbar baƙar fistol ɗin da ta ji tsoro tun farko, ta ga ashe ta fi daɗin riƙo, harsashi yana zuwa inda ta nufa. Wadda ba ta samu irin wannan malami ba, sai ta mayar da tsarabar cikin durowa, ta zauna da tunanin tana da kariya alhali makamin da ba ta iya ba ne a ajiye.

Ƙananan fistol ma suna da tasu matsalar. Kafin harsashi na farko ya shiga, sai an kama murfin sama an ja shi baya, kuma da yake jikin ƙarami ne, sifirin ɗin da ke ciki yakan yi tauri, wurin kamawa kuma ɗan kaɗan. Mai ƙaramin ƙarfin hannu, mace ko tsoho mai ciwon gaɓoɓi, sai ya yi ta fama.

To me ya kamata a duba? Su kansu ƙungiyoyin matan masu harbi, irin A Girl & A Gun da aka kafa a Texas a 2011 da The Well Armed Woman da Carrie Lightfoot ta kafa a 2012, abin da suke nanatawa bai wuce wannan ba: yatsa ya kai kunama ba tare da an karkatar da riƙo ba, hannu ya zagaye mariƙi, mai ita ta iya jan murfi da loda harsashi da kanta, sannan ta harba ta ji kafin ta biya kuɗi, tun da yawancin filayen koyo suna bayar da haya. Idan duk wannan ya yi, kuma akwai ta a launin da take so, babu mai hana ta.

Su ma matan ba bakinsu ɗaya ba kan launin. Akwai waɗanda ke jin raini ne, kamar an ce mace ba ta gane komai sai ƙyale-ƙyale. Irin wannan gardamar ta tashi a Wisconsin a 2016, lokacin da jihar ta zama ta farko da ta halatta wa mafarauta sa riga mai ruwan hoda mai ƙyalli a madadin ruwan lemon da aka saba, aka ce don a jawo mata farauta. Wasu mata mafarauta suka ce su abin da suke nema riga da takalmi daidai jikinsu ne, ba launi ba. Akwai kuma masu cewa su dai suna so, kuma ba su ga dalilin da namiji zai yi wa tasa fentin sojan hamada a ce ya burge, ita ta yi wa tata shunayya a ce ba ta san abin da take yi ba. Wannan hujja ce mai ƙarfi. Ɗan Adam bai taɓa barin makami ba ado ba. Ko takobin da ake ratayawa a hawan sallah, kubensa jima ne da rini da zane, ba wanda ya ce kaifinsa ya ragu. Wasu ma da raha suke cewa amfanin ruwan hoda shi ne maigida da samarin gida ba sa arar ta. Abin da dillalai kan faɗa a gefe shi ne idan aka zo sayarwa, mai launi ta fi wuyar samun mai saye, don yawancin masu neman ta hannu maza ne.

Da a nan maganar ta tsaya, da sai a ce kowa da kiwon da ya karɓe shi. Amma akwai wata doka da ta sa launin ya zama abin da ya shafi wasu, ba mai bindigar kaɗai ba. Tun 1988 dokar tarayya ta Amurka ta wajabta a sa wa bindigar wasan yara alama: ko dai toshi mai ruwan lemo a bakinta, ko kuma, bisa ƙa'idojin da suka biyo baya, a yi jikinta gaba ɗaya da fari, ko ja, ko ruwan lemo, rawaya, kore, shuɗi, ruwan hoda ko shunayya masu haske. A sake karanta wannan jerin. Su ne dai launukan da ke lungun mata na shagon makamai. Hukuma ta ce wannan launi yana nufin "ba ta gaske ba ce", kasuwa kuma tana sayar da ta gaske da shi, kuma babu dokar tarayya da ta hana.

Ruɗanin yana cin rai ta fuska biyu. A 2013 a Santa Rosa ta California, ɗan sanda ya harbe Andy Lopez, ɗan shekara 13, yana riƙe da bindigar wasa mai kama da AK-47. A 2014 a Cleveland aka harbe Tamir Rice, ɗan shekara 12, yana ɗauke da fistol ta wasa wadda babu alamar ruwan lemon a bakinta. Bayan na farkon California ta tsaurara doka, ta ce a ƙara wa irin waɗannan bindigogin launi mai haske. Amma ɗan sandan da ya san akwai ta gaske mai ruwan hoda, me zai sa ya yarda da launi idan aka nuna masa ita da dare? Birnin New York ya bi ta ɗaya ɓangaren. A 2006, zamanin magajin gari Michael Bloomberg, ya haramta bindigar gaske mai launin da ke yaudara, ya bar irin su baƙi, toka mai duhu, kore mai duhu da ruwan azurfa. Kamfanin da ke yin DuraCoat a Wisconsin ya mayar da martani da tsokana, ya fito da jerin fenti masu ƙyalli ya sa musu sunan Bloomberg. A 2021 wani kamfani a Utah, Culper Precision, ya lulluɓe Glock da abin da ya yi kama da bulolin wasan Lego, ja da rawaya da shuɗi, sai da kamfanin Lego ya aika masa da takardar gargaɗi sannan ya janye.

Ɗaya fuskar ita ce yaron da ke cikin gida. A wani gwaji da aka buga a 2001, likitoci a Atlanta sun bar yara maza 'yan shekara 8 zuwa 12 a ɗakin da aka ɓoye fistol ta gaske wadda aka hana ta tashi. Yawancin waɗanda suka gan ta sun ɗauka, wajen rabi sun ja kunama, kuma kusan rabin waɗanda suka same ta sun zaci ta wasa ce ko ba su tabbata ba. Wannan fa bindiga ce ta yau da kullum, ba mai launin alewa ba. Kamfanin Keystone na Pennsylvania ma yana yin wata ƙaramar doguwar bindiga ta yara, Crickett, har da mai gindi ruwan hoda don 'yan mata. A Afrilun 2013 a wani ƙauye na Kentucky, ɗan shekara 5 ya harbe ƙanwarsa 'yar shekara 2 da irinta, wadda aka ba shi kyauta, an jingine ta a lungu ba a san da sauran harsashi a ciki ba. A Disambar 2014 kuma a Idaho, ɗan shekara 2 ya zura hannu a jakar mahaifiyarsa suna cikin kanti, ya zuge aljihun da aka ɗinka musamman don bindiga, ta tashi ta kashe uwar. Tun 2020, bindiga ce kan gaba wajen kashe yara da matasa 'yan shekara 1 zuwa 19 a Amurka, ta wuce haɗarin mota. Jakar hannu, inda talla ke nuna ƙaramar bindigar tana kwance kusa da hoda da makulli, ita ce wurin da yaro ya fi saba sa hannu.

Tallan kuma kusan kullum hoto ɗaya take nunawa: mace ita kaɗai da dare, baƙon namiji a duhu. Alƙaluma ba su goyi bayan hoton ba. Matan Amurka da ake kashewa, galibi wanda suka sani ne ke kashe su, sau da yawa miji ko saurayi. Binciken Jacquelyn Campbell na 2003 ya samu cewa idan namiji mai dukan mace yana iya kai hannu ga bindiga, haɗarin ya kashe ta yana ninkawa wajen sau biyar. David Studdert na Jami'ar Stanford ya bi miliyoyin mutanen California tsawon shekaru, ya buga a 2020 cewa mata masu fistol sun ninka waɗanda ba su da ita sau 35 wajen kashe kansu da bindiga. Masu kare haƙƙin mallakar bindiga suna amsawa da cewa matsakaicin lissafi ba ya faɗin halin mace ɗaya da tsohon mijinta ke bibiya, wadda ofishin 'yan sanda ke nesa da ita, kuma akwai matan da bindiga ta tsirar da su. Gaskiya ne akwai. Amma wanda ke sayar da makami da sunan kariya, ya kamata a ce ya yi maganar inda za a ajiye shi da wanda ke kwana a gidan kafin maganar launi.

A 'yan shekarun nan kamfanonin sun fara gane inda gizo ke saƙar, ko dai don korafin matan ko don sun ga kuɗi. A 2018 Smith & Wesson ya fito da Shield EZ, wadda aka sassauta wa sifirin don murfinta ya ja cikin sauƙi, kuma tsofaffin maza sun saye ta kamar yadda mata suka saya. A 2022 Walther na Jamus ya fito da PDP F, bayan ya auna hannayen mata, ya rage kaurin mariƙi da nisan da yatsa zai miƙa zuwa kunama. Baƙa ce wuluk. A farkon 2023 SIG Sauer ya haɗa kai da gwanar gasar harbi Lena Miculek suka fito da Rose, ita ma baƙa, sai ɗan ruwan zinare mai ja-ja a kunama da maɓallai. A kwalinta akwai harsasan gwaji marasa albarushi don koyon lodi a gida, da damar kallon darussa ta intanet, da ƙaramin akwati mai makulli. Masu ruwan hodan ba su ɓace ba, suna nan a lungunsu, kuma har yanzu su ne mai shago ke fara miƙa wa macen da ta shigo ta ce ba ta taɓa riƙe bindiga ba.